Na haddace kemistiri amma na faɗi, kuma Baba bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 16, ina SS2 ɓangaren kimiyya a nan Kano. Tun ina firamare Babanmu yake kirana Dakta, har abokansa na kasuwa suka ɗauka. A SS1 na ci kemistiri da kyau, domin duk tambayoyin na kawo ma'ana ne, ni kuwa Allah ya ba ni hadda. Bana da muka shiga lissafin mol sai komai ya dagule. Zangon farko na sami 41, na biyu 28. A lissafi ina samun sama da 60, bayoloji ma haka. Malaminmu karanto mana yake yi mu kwafa, mun fi 80 a aji, ɗakin gwajinmu kullum a kulle. Ranar da ya raba takardu ya ce wasu ba su da kan kimiyya, su koma ɓangaren adabi tun da wuri, kuma ni ya kalla. Na ɓoye sakamakon, na ce wa Baba ba a bayar ba tukuna. Umma ta sani, ta ce in yi shiru in ƙara ƙoƙari. Baba yana biya min kuɗin lesin duk wata, abin yana cina har ba na iya barci. In canja ɓangare ne ko in ci gaba? Kuma yaya zan faɗa masa?

Ɗaliba mai damuwa, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Rashin barcin nan ya fi 28 ɗin damuna. Kaya biyu kika ɗauka a lokaci guda, faɗuwa da ɓoye faɗuwar, na biyun kuwa shi ya fi nauyi. Za mu zo kan maganar Baba. Amma bari mu fara da tambayar da ke kwance a ƙarƙashin sauran: da gaske ne ba ki da kan kimiyya?

Ki sake duba abin da kika rubuto da hannunki. Kina samun sama da 60 a lissafi. Lissafin mol kuwa bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma yarinyar da ke nemo x a ajin lissafi ba za ta kasa raba 36 gida 18 ba. A ganina matsalar ta faro ne tun SS1, shekarar da kika ci. Kin haddace jimlolin Turanci game da atam da elimen da kwamfawun, kin mayar wa malami su daidai, amma ba wanda ya taɓa ɗora miki abin a tafin hannu ya ce ga shi nan. Jarrabawar SS1 cewa take "kawo ma'anar kaza", hadda ta fitar da ke. Ta SS2 cewa take "yi aiki da shi", sai aka tarar babu abin da za a yi aikin da shi. Ba na raina hadda, baiwa ce, kuma tana da gurbinta a kemistiri: alamomin sinadarai, elimen 20 na farko a jere, cajin su salfet da naitiret da kabonet, duk sai an haddace. Sai dai bayan fahimta take zuwa.

Ki gwada wannan yau da dare. Ki rufe littafi, ki kira ƙanwarki ko Umma, ki yi musu bayanin bambancin elimen da kwamfawun da mikisca da Hausa zalla. Inda harshenki ya sarƙe, nan ramin yake. Ga yadda ni zan faɗa.

Elimen shi ne tsantsar abu, atam iri ɗaya ne a cikinsa daga farko har ƙarshe, ba yadda za a yi a fasa shi ta hanyar kemistiri ya koma wani abu mai sauƙi. Zinariya tsantsa elimen ce, haka ƙarfe tsantsa, haka jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta, haka oksijin. Guda 118 aka sani zuwa yanzu. Kwamfawun kuwa elimen biyu ne ko fiye suka haɗu suka riƙe juna bisa ƙayyadadden adadi, har suka zama wani abu dabam da ba ya kama da ko ɗayansu. Gishirin miyarku ya ishe ki misali. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, da wuƙa ake yanka shi, in aka jefa shi a ruwa tafarfasa yake yi har ya iya kama wuta. Kulorin iska ce mai guba. Su biyun nan ne suka haɗu, ɗaya da ɗaya, suka zama NaCl, abin da kike lasa ba fargaba. Mikisca ita ce cakuɗe: an haɗa abubuwa wuri ɗaya amma kowa na nan da halinsa, adadin bai ƙayyadu ba, kuma ana iya raba su ba tare da an canja ko ɗaya ba. Ki zuba gishiri cikin yashi ki gauraya. Ki ƙara ruwa, gishirin ya narke, yashin ya ƙi. Ki tace da tsumma mai tsabta, yashi ya tsaya. Ki ɗora ruwan a wuta har ya ƙone, ga gishirinki fari a gindin tukunya. Hanyoyi uku na rabewa kenan da ke cikin littafinki, narkarwa da tacewa da ƙafewa, kin yi su da hannunki cikin rabin awa. Ta uku ita ce mutanen Bilma a Nijar suke samun gishiri da ita shekaru aru-aru, rana ce ke yi musu aikin murhu. Shiƙa da tankaɗe da jefa alif a randar ruwa mai laka, duk babin nan ne.

Daga nan sai cikin atam ɗin kansa, kuma a nan nake zargin igiyar ta tsinke miki. A tsakiya akwai firoton mai caji fozitib da niyutiron marar caji, a kewaye kuma ilektiron mai caji negatib. Yawan firoton shi ne lambar atam, shi ne kuma shaidar ko wane elimen ne: duk atam mai firoton 11 sodiyam ne, mai 17 kulorin ne. Ilektiron a zoɓe-zoɓe suke zama, na farko yana cika da 2, na biyu da 8. Ki jera na sodiyam: 2, 8, 1. Na kulorin: 2, 8, 7. Kin ga sodiyam yana da ɗaya da ya yi masa saura a waje, kulorin kuma ɗaya ya rage masa ya cika 8. Wannan ya bayar, wancan ya karɓa, ɗaya ya zama fozitib ɗaya negatib, sai suka manne wa juna. Balensi ɗin da ake sa ku haddacewa daga nan ya fito. Yanzu ki ɗauki magniziyam, lambarsa 12, wato 2, 8, 2. Biyu zai bayar, kulorin kuwa ɗaya yake karɓa, don haka sai an kawo kulorin biyu: MgCl₂. Kin rubuta fomula ba tare da kin haddace ta ba. In kika jera elimen 20 na farko haka a takarda, za ki ga masu ɗaya a waje sun faɗo layi guda, masu bakwai ma layi guda, kuma galibi halinsu yana kama da juna. Jadawalin sinadarai kenan. Lokacin da Mendeleev, wani masani ɗan Rasha, ya tsara nasa a 1869, har gurabe ya bari babu komai, ya ce akwai elimen da za a gano masu hali kaza. A 1875 aka gano galiyam, ya zauna daram a ɗaya daga cikin guraben. Jadawalin da zai iya haka tsari ne da shi, kuma wanda ya gane tsarin ya rage wa kansa rabin hadda.

To, ga dodon naki, mol. Ba komai ba ne illa sunan adadi. In kika ce wa mai shago ya ba ki kiret ɗin ƙwai, ya san 30 kike nufi. In mai kemistiri ya ce mol ɗaya, 6.02 × 10²³ yake nufi, adadin da aka laƙaba wa sunan Avogadro, wani masani ɗan Italiya. Dalilin girman adadin shi ne ƙanƙantar atam: ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, don haka sai a ƙirga su ta hanyar awo a sikeli. An zaɓi adadin ne yadda nauyin mol ɗaya a giram zai yi daidai da lambar nauyin da ke jadawali. Ruwa H₂O ne: haidirojin biyu kowanne 1, oksijin ɗaya 16, jimla 18. Kenan mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, ya ɗan ɗara cikin babban cokali. Ki ɗebo shi ki kalle shi, cikin wannan ɗan ruwan akwai molekul, wato ƙwayoyin H₂O, har guda 6.02 × 10²³. In aka ba ki giram 36, mol nawa ne? Biyu. Giram 9 fa? Rabi. Ki lura ba ki nemi fomula ba kika amsa. Fomular da ke littafinki, nauyi a raba da nauyin mol ɗaya, abin da kanki ya yi yanzu ne aka rubuta a taƙaice.

Mu ƙara taki ɗaya, irin wanda ke zuwa a jarrabawa. An narkar da giram 4 na NaOH, wato sodar yin sabulu, a ruwa, aka cika shi 250 cm³, an ce ki nemo ƙarfinsa. Sodiyam 23, oksijin 16, haidirojin 1, jimla 40. Giram 4 cikin 40, mol 0.1 kenan. Ƙarfin ruwan da aka narkar da abu a cikinsa kuwa ana faɗinsa ne da mol nawa ke cikin 1 dm³, wato 1000 cm³, lita ɗaya. Naki ɗaya bisa huɗu ne na lita, don haka in akwai 0.1 a ciki, cikakkiyar lita za ta ɗauki 0.4. Amsa: 0.4 mol/dm³. Yawancin masu faɗuwa a irin wannan tambaya mantawa suke su mayar da cm³ zuwa dm³. Ki ɗauko takardarki ta 28 ɗin nan, ki bi ta tambaya-tambaya, ki rubuta a gefe ko rashin gane tambayar ne, ko kuskuren fomula, ko na awo. Na san kallon takardar akwai ciwo, amma ita ce za ta nuna miki takamaimai inda ɗakin yake yoyo.

Batun ɗakin gwaji da ke kulle, haƙƙinku ne aka tauye, kuma kemistiri na WAEC yana da takardar aikin gwaji bayan ta zaɓi da ta rubutu, don haka ba abin da za a kau da kai ba ne. Kafin a buɗe, madafin Umma zai rage miki hanya a babin asid (mai tsami) da alkali (kishiyarsa, irin kanwa). Ki jiƙa soborodo a ruwan zafi, ba sukari ba citta, ki tace, ki raba a kofunan gilashi uku. Na farko ki matse lemon tsami a ciki, zai ƙara ja ya yi haske. Na biyu ki zuba ruwan kanwa, zai yi duhu ya koma wajen kore-kore. Na uku ki bar shi don kwatance. Zoɓon nan ya zama indiketa, aikin da takardar litmos take yi kenan. Sai ki koma kan kofin kanwar, ki riƙa ɗiga lemon tsami kina ƙirga ɗigon. Za ki ga kumfa na tashi, iskar kabon dayoksaid ce, domin kanwa kabonet ce. Ki ci gaba har jan ya fara dawowa. A daidai wannan gaɓar asid ya cinye alkalin, kuma ainihin abin da ake nema a taitireshan kenan, sai dai can da bututun awo ake yi maimakon ƙirga ɗigo. Ki tambayi Umma me ya sa ake jefa kanwa a miyar yakuwa, za ta ce don ta kashe tsami. Babi guda ne cur a littafinki, da ma'aunin pH ɗinsa daga 0 zuwa 14, 7 a tsakiya. Tun da a Kano kike, ki roƙi yayanki ya kai ki marinar Ƙofar Mata wata Asabar. Ki tsaya ki ga an tsamo zane daga karofi da launin kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonki. Oksijin ne ke wannan aikin, kuma ranar da kuka zo babin oksideshan za ki tuna. Gargaɗi ɗaya: gwajinki ya tsaya kan kayan abinci. Kada ki kusanci ruwan batir ko sodar yin sabulu, kuma kada ki taɓa haɗa ruwan bilic da wani abu, iskar da ke fitowa tana illa ga huhu.

Malaminku bai kyauta ba. Ba a yanke wa yaro hukunci a gaban aji kan takarda ɗaya, balle a ajin da ba a taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Amma ki yi masa uzuri gwargwado: mutum ɗaya, ɗalibai sama da 80, manhaja mai tsawo, ba kayan aiki. Wataƙila ma kallon da kika ga ya yi miki bai san ya yi ba, wanda ransa ke ɓace kowane ido nasa ne. Kada ki ƙaurace masa. Ki je ofishin malamai tare da ƙawarki, ki kai masa tambaya guda da kika riga kika gwada, ki ce, "Malam, na kai nan na tsaya, ina na kuskure?" Malamai da yawa da ke gajiya da "ban gane komai ba" suna sakin fuska in suka ga aikin hannun ɗalibi. In bai saurare ki ba, akwai malamin fiziks ko wata ɗalibar SS3 da ta iya. Shi kuma lesin ɗin da Baba ke biya, ki duba shi da idon basira. In can ma karantowa ake yi kuna kwafa, kuɗin zuba suke yi. Gara a nemi wanda zai zauna da ku uku ko huɗu kuna warware tambayoyin WAEC da NECO na baya a gabansa.

Yanzu Baba. Ki faɗa masa, kuma cikin makon nan. Umma don tausayinki ta ce ki yi shiru, tana tsoron ɓacin ransa ne, ban ga laifinta ba. Sai dai sakamako ba ya ɓoyuwa har abada. Zai haɗu da wani malami a masallaci, ko a kira taron iyaye, ko zango na uku ya zo. In daga bakin wani ya ji, 28 ɗin zai zama ƙaramin abu kusa da cewa kin ce masa ba a bayar ba. Ki fara shawo kan Umma, ki ce mata abin ya hana ki barci kuma kina so ta zauna kusa da ke. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba shigowarsa daga kasuwa ba. Ki durƙusa ki miƙa masa takardar, ki fara da ban haƙuri kan ɓoyewar, kada ki kawo malami ko ɗakin gwaji tukuna, zai ji kamar hanzari ne. In ya yi faɗa ki saurara, yana da haƙƙin yi. Bayan ya sauko sai ki nuna masa makin lissafi da bayoloji, ki faɗa masa inda kika gano matsalar da abin da kike shirin yi. Ɗan kasuwa ya san asara, abin da yake son ji shi ne yadda za a mayar. In kina ganin ba za ki iya buɗe baki ba, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, kawu ko gwaggo, amma ki kasance a wurin.

Ki kuma fahimci "Dakta" ɗin nan. Mahaifin da ke kiran 'yarsa haka a gaban abokansa alfahari yake yi da ita, kuma ya san yadda mata a garuruwanmu ke neman likita mace su rasa. Buri ne mai kyau. Nauyinsa ne bai sani ba, domin ba ki taɓa nuna masa ba. Kina iya roƙonsa cikin ladabi ya bar ki ki gwada zango guda ba tare da sunan yana binki ba, ko ki bar Umma ta isar da wannan.

Game da canja ɓangare, shawarata kada ki yanke yanzu. Wanda bai ga kemistiri ba tukuna ba shi da hujjar cewa ba ya son sa. Ki ba shi zango ɗaya na gaskiya: minti 40 kowace rana, kwana biyar a mako, makonni uku na farko ki koma littafin SS1 ba kunya, sauran ki ba wa mol da daidaita ikweshan da asid. Kowane zama ki fara da bayani da Hausa, ki rufe da rubuta ma'anar da Turancin da mai maki yake nema, sannan tambayoyi biyar. In kin tashi daga 28 zuwa wajen 50, hanya ta buɗe, C6 ma kiredit ne, kuma akwai sauran shekara guda ki ɗaga shi. Amma ki sani likitanci gasa ce mai zafi, a JAMB Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji ake rubutawa, kuma maki mai yawa ake nema. Aikin jinya da haɗa magunguna da gwajin jini ma duk suna buƙatar kemistiri, don haka kaucewa likitanci kaɗai ba ta raba ki da shi.

In kuwa kin yi iyakar ƙoƙarinki kin ga zuciyarki ba ta wurin, ba abin kunya ba ne, kuma ba dole sai kin tsallaka adabi ba. Mai ƙarfi a lissafi irinki tana da ilimin lissafi da ƙididdiga da kwamfuta da tattalin arziki a gabanta. Sharuɗɗan sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, ki duba kundin kwasa-kwasai da ke shafin JAMB na intanet, kyauta ne, ki zauna da Baba ku karanta tare. In kuma adabin kike so don kansa, ko lauya ko aikin jarida, wannan magana ce dabam da ta cancanci a saurare ta, amma ki tambayi kanki ko son sa kike ko gudun malam. Duk wanda kika zaɓa, ki sami mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu kafin ƙarshen SS2, domin da an shiga SS3 ana fara rajistar WAEC, canja darasi a lokacin yana da wuya, kuma za ki tarar da karatun shekara biyu na sababbin darussa yana jiranki.

Ki rubuto min bayan kin yi magana da Baba, ki haɗo da tambayoyi uku daga takardar nan da suka fi ba ki wuya, mu warware su a nan don sauran 'yan ajinku ma su amfana. Allah ya buɗa miki, ya sanyaya zuciyar mahaifinki.